Wa Zai Gina Gidan Yari, Wa Zai Ciyar da Fursuna?

Gidan yari wuri ne da ba wanda ke fatan shiga. Amma babu garin da zai ce ba ruwansa da shi. In ɓarawo ya sace shanu aka kama shi, alƙali ya yanke masa hukunci, dole a sami wurin tsare shi. In an zargi mutum da laifi, ba a gama shari'arsa ba, bai kuma sami beli ba, shi ma can ake ajiye shi. Wani lokaci wanda ke ciki ɗan manomi ne da aka kama a rigimar iyakar gona. Wani lokaci kuma magidanci ne da ya kasa biyan tara.

Gina wannan gida yana cin kuɗi mai yawa. Riƙe shi shekara da shekaru ya fi gina shi cin kuɗi. Shi ya sa a wasu ƙasashe gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kan haɗa gwiwa su ɗauki nauyin. Tun daga shekarar 2023 wannan magana ta shafi Nijeriya, domin doka ta ba jihohi ikon gina nasu gidajen yari. Ya kamata mutanen karkara su san yadda irin wannan haɗin gwiwa yake, domin da kuɗinsu za a yi ginin, watakila ma a kan gonakinsu.

Yadda abin yake a da

Tun kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa suna da wurin tsare masu laifi. Mai kula da wurin shi ake kira Yari. Daga sunan sarautarsa aka samo kalmar gidan yari.

Da Turawa suka zo, sai gidajen yari suka kasu biyu. Akwai na gwamnati, kamar wanda aka buɗe a Legas a 1872. Akwai kuma na En'e, waɗanda suka fi yawa a Arewa. Kurkukun Kurmawa da ke cikin birnin Kano, kusa da gidan Sarki, an gina shi ne a 1910. En'e ce ke biyan gandirobobinta. Ita ke ciyar da fursunoni, ita ke gyara katanga. Kuɗin kuwa daga baitulmali suke fitowa, wato daga haraji da jangalin da talakawa ke biya.

Wannan tsari yana da amfani, yana kuma da illa. Fursuna yana kusa da danginsa, suna iya kai masa ziyara. To amma En'e mai kuɗi da En'e marar kuɗi ba sa riƙe fursunoni iri ɗaya. An kuma yi ta koke cewa a zamanin siyasar farko ana amfani da gidajen yarin En'e wajen musguna wa 'yan adawa. A 1968, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, gwamnatin tarayya ta karɓe su duka, ta haɗa su a hukuma ɗaya. Daga nan nauyin ya koma kanta ita kaɗai, har sama da shekara 50.

Halin da gidajen suka shiga

Nijeriya tana da gidajen yari sama da 240. An yi su ne domin ɗaukar mutum wajen 50,000. Amma a 2024 waɗanda ke ciki sun haura 80,000. Ɗakin da aka yi domin mutum kaɗan sai a tara jama'a a ciki. Inda aka cunkusa mutane haka, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa, musamman tarin fuka da ƙazwa.

Da yawa daga cikin gine-ginen sun tsufa. A watan Afrilu na 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe katangar gidan yarin Suleja a Jihar Neja, fursunoni sama da 100 suka tsere. A watan Satumba na wannan shekarar, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau ta karya katangar gidan yarin Maiduguri, sama da mutum 270 suka fice. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidan yari kuwa, in bango ya tsage, mai laifi ne ke samun wurin fita, kuma ƙauyukan da ke kewaye su ke fara kwana da tsoro.

Gwamnatin tarayya ta gina sababbi masu girma, kamar na Janguza a Jihar Kano wanda aka yi domin mutum 3,000. Amma ta daɗe tana kuka da nauyin. Rauf Aregbesola, lokacin da yake ministan harkokin cikin gida, ya sha faɗa cewa wajen fursuna 90 cikin kowane 100 dokar jiha suka karya, ko ita ake zargin sun karya. Kotunan jiha ne ke aika su, amma tarayya ce ke ciyar da su.

Abin da doka ta canja

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta canja sunan hukumar zuwa Hukumar Gyaran Hali. Shi ya sa yanzu ake cewa gidan gyaran hali. A watan Maris na 2023 kuma ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki. Gyaran ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Ya mayar da su cikin jerin waɗanda tarayya da jihohi duk ke da iko. A lokaci guda aka yi wa jiragen ƙasa da wutar lantarki irin wannan gyara.

Ma'anar wannan ita ce, majalisar dokokin jiha tana iya yin doka, gwamna ya gina gidan yari, jiha ta riƙe shi. Ikon na jiha ne, ba a ba ƙaramar hukuma ikon buɗe nata ba. To amma jihar da ta tashi yin ginin tana iya neman taimakon ƙananan hukumominta. Tana iya neman fili, ko hanya, ko ruwa, ko kuɗi. Domin a gane inda riba take da inda haɗari yake, yana da kyau a dubi ƙasar da ta daɗe tana irin wannan haɗin gwiwa, wato Amurka.

Yadda tsarin Amurka yake

Amurka tana da jihohi 50 da ƙananan hukumomi sama da 3,000. A can ƙaramar hukuma tana da nata gidan yari. A nan ake tsare masu jiran shari'a da waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara ɗaya ba. A mafi yawan wurare mai kula da shi wani jami'i ne da ake kira sherif, wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Masu dogon ɗauri kuwa gidan yarin jiha ake kai su. Da cunkoso ya yi yawa, jihohi suka nemi hanyoyin haɗa ƙarfi da ƙananan hukumomi. Ga hanyoyi uku da aka bi.

Hanya ta farko: a haɗa kuɗi a gina ɗaya

Wannan ita ce hanyar Jihar Bajiniya. Jihar ta ce in ƙananan hukumomi uku ko fiye suka haɗu suka gina gidan yari ɗaya, za ta mayar musu da rabin kuɗin ginin. Wadda ta gina nata ita kaɗai kuwa, kashi 1 cikin 4 za ta samu. Wato in ginin ya ci 100, jiha ta ba da 50, su kuma su raba sauran 50 a tsakaninsu. Abin ya yi kama da ƙauyuka uku da suka haɗa kuɗi suka haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, maimakon kowa ya haƙa tasa ya bar ta ba a gama ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da yawa sun amsa wannan kira. A 1997 an buɗe wani gidan yari mai suna Riverside, wanda ƙananan hukumomi bakwai suka haɗu a kansa. Suna da kwamiti guda mai kula da shi, kowacce tana da wakili. Kowacce tana biyan kuɗi gwargwadon fursunonin da ta kawo. Daga baya jihar ta rage nata kason ya koma kashi 1 cikin 4 ga sababbin gine-gine, sai nauyin ƙananan hukumomi ya ƙaru.

Ba duka ne suka ɗore ba. Akwai wani a yankin Hampton Roads da aka buɗe a 1998, birane biyar ke amfani da shi. A 2018 ma'aikatar shari'a ta tarayyar Amurka ta bincika, ta ce ba a kula da lafiyar fursunoni yadda ya kamata. Ma'aikata suka yi ƙaranci. Biranen suka riƙa janye mutanensu ɗaya bayan ɗaya. A 2024 aka rufe shi. Dukiyar taro haka take. In kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido, sai ta lalace.

Hanya ta biyu: jiha ta ciwo bashi, ƙaramar hukuma ta cika

Wannan ita ce hanyar Jihar Kalifoniya, mai ƙananan hukumomi 58. Gidajen yarin jihar sun cika har sun kusa ninka adadin da aka gina su dominsa. A 2007 majalisar jihar ta yi doka ta ware dala biliyan 1.2 domin gina gidajen yarin ƙananan hukumomi. Kuɗin bashi ne da jiha ta ciwo, za ta riƙa biya da kuɗin ruwa shekaru masu yawa. Da farko ƙaramar hukumar da ke son kuɗin sai ta kawo 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Daga baya aka rage zuwa 10 cikin 100. Masu ƙarancin jama'a kuma aka ba su damar neman sassauci.

A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta umarci jihar da ta rage cunkoso. Ta ce wurin da aka yi domin mutum 100 kada ya ɗauki fiye da mutum 137. Sai jihar ta mayar da masu ƙananan laifuka hannun ƙananan hukumomi. Ta kuma ware musu wani kaso na harajin kayan saye domin su riƙe su. A 2012 jama'a suka jefa ƙuri'a aka sa wannan kaso cikin tsarin mulkin jihar, domin kada wani gwamna ya zo ya janye shi. A 2012 da 2014 da 2016 an ƙara ware kuɗin gini, har jimla ta kai wajen dala biliyan 2.5.

Duk da haka ba kowa ne ya karɓa ba. A 2015 majalisar birnin San Faransisko ta ƙi karɓar dala miliyan 80 da jiha ta ba ta domin sabon gidan yari. 'Yan majalisar sun ga cewa da yawa daga cikin waɗanda ake tsarewa masu taɓin hankali ne da masu shaye-shaye, kuma magani suka fi buƙata. Sun kuma san cewa kuɗin jiha ba za su isa ba, sai birnin ya cika da nasa.

Hanya ta uku: jiha ta biya kuɗin kwana

Wannan ita ce hanyar Jihar Luwiziyana. A farkon shekarun 1990 kotu ta matsa wa jihar ta rage cunkoso. Maimakon ta gina nata, sai ta ƙarfafa wa sherif-sherif na karkara gwiwa su gina nasu. Ita kuma za ta riƙa aika musu fursunoninta, tana biyan kuɗi a kan kowane mutum kowace rana. Shekaru da yawa kuɗin dala 24.39 ne. Ƙananan hukumomi matalauta suka ciwo bashi suka yi gine-gine. Matasan ƙauye suka sami aikin gandiroba. Har ta kai wajen rabin fursunonin jihar suna hannun ƙananan hukumomi.

Nan ne matsala ta ɓullo. Gadon da ba kowa a kansa ya zama asara, domin ga bashi ana biya, ga albashi. Sai fursuna ya zama kamar hajar kasuwa, kowa na neman a ƙaro masa. Kuɗin kuma bai isa a koya wa ɗaurarru sana'a ko karatu sosai ba. Jihar ta daɗe tana kan gaba a duk Amurka wajen yawan ɗaure mutane in aka gwada da yawan jama'arta. A 2017 ta yi sababbin dokoki domin rage wannan yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya shafi mutumin karkara

Na farko shi ne fili. Sabon gidan yari yana son wuri mai faɗi, kuma a bayan gari ake samun irinsa. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Amma ta ce a biya diyyar abin da ke kan filin, kamar gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar mutum, dokar ta ce ta ba shi wata gonar ya ci gaba da noma. Don haka manomi ya tsaya a ƙidaya masa komai a gabansa. Ya tabbata an rubuta sunansa daidai. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da bai karanta ba, ko wadda wani amintacce bai karanta masa ba.

Na biyu shi ne kuɗin ƙaramar hukuma. Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi 774 yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. An sha kokawa cewa jihohi na cire kuɗi da sunan aikin haɗin gwiwa ba tare da yardar kansiloli ba. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kuɗin da za a zuba a gidan yari shi ne kuɗin da da zai tafi asibitin ƙauye, ko makarantar firamare, ko hanyar kai amfanin gona kasuwa. Saboda haka dole a auna.

Na uku shi ne kuɗin riƙo. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana. A bisa wannan lissafi, gidan yari mai mutum 1,000 zai ci naira 1,125,000 kowace rana. A shekara kuwa ya haura naira miliyan 410. Wannan abinci ne kawai. Ba a sa albashin gandirobobi ba, ba a sa magani ba, ba a sa man motar kai fursuna kotu ba. Wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba, wahala ya saya.

Na huɗu shi ne amfani. Gidan yarin da ke kusa yana sauƙaƙa wa dangi ziyara. Fursunan da danginsa ba su yanke masa ba ya fi saurin komawa cikin jama'a in ya fito. Kai shi kotu ma ya fi sauƙi, shari'a ta fi sauri. Ana samun aikin yi, manoma kuma suna iya sayar da hatsi da wake da manja ga masu kwangilar abinci. Akwai kuma gonakin fursunoni, kamar ta Kujama a Jihar Kaduna, inda ɗaurarru ke koyon noma.

Gini kaɗai ba ya maganin cunkoso

A Nijeriya, wajen mutum 2 cikin kowane 3 da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke yi. Wasu kan daɗe fiye da ɗaurin da za a yi musu da an same su da laifi. In aka gina sabon gida shari'a ba ta yi sauri ba, shi ma cika zai yi.

Dokar 2019 ta kawo wasu hanyoyi. Ta yarda a sa mai ƙaramin laifi aikin al'umma, kamar sharar kasuwa, maimakon a kulle shi. Ta ce in gidan yari ya cika, shugaban hukumar a jiha ya sanar da Babban Jojin Jiha da Kwamishinan Shari'a. Ta kuma ba shi ikon ƙin karɓar sabon fursuna in babu wuri. Babban Joji yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da shirin sakin mutum 4,068 da suka kasa biyan tara. An biya musu naira miliyan 585. Wannan kuɗi bai kai kuɗin gina musu ɗakuna da ciyar da su ba.

Wanda aka tsare ɗan'uwansa kuma ba shi da kuɗin lauya, yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa. An kafa ta a 1976 domin ta tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Tambayoyin da ya kamata jama'a su yi

In aka ji cewa jiha da ƙananan hukumomi za su haɗa gwiwa su gina gidan yari, jama'a suna da haƙƙin tambayar kansilansu, da ciyaman, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarsu. Dagaci da mai unguwa da ƙungiyoyin manoma suna iya kai tambayoyin a madadin kowa.

Nawa ginin zai ci, kuma nawa kowane ɓangare zai bayar?

Kuɗin a hannu suke ko bashi za a ciwo? In bashi ne, shekara nawa za a yi ana biya?

Wa zai biya abinci da magani da albashi bayan an gama ginin?

An rubuta yarjejeniyar? Majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta amince da ita?

In wani ɓangare ya daina biya, ko ya janye, me zai faru?

Gonakin wa za a karɓa, kuma yaushe za a biya diyya?

Wa zai riƙa shiga yana duba lafiyar fursunoni da abincinsu?

Akwai ajin karatu da wurin koyon sana'a a cikin tsarin ginin?

Mafi yawan waɗanda ke gidan yari wata rana za su fito su koma garuruwansu. Halin da suka fito da shi ya danganta da irin riƙon da aka yi musu a ciki. Shi ya sa ya fi kyau a sami amsar waɗannan tambayoyi tun kafin a aza tubalin farko. Shirin zaune ya fi na tsaye.